Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Babur, Daga Tsatsa Har Ya Hau Titi

Duk wanda ya taso a gidan da ake da babur, akwai wata ƙara da ba ta barin kunnensa har ya tsufa. Tawa ita ce ta Honda C70 ɗin mahaifina. Tun bai shawo kwana ba muke gane shi ne tafe, domin injin yana da wani sassanyan bugu da ba ya kama da na kowa. Shekaru bayan ya daina hawa na tarar da babur ɗin a jingine, tayoyi sun sace, sirdi ya yage, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyin ƙafa. Shi na fara gyarawa, kuma a kansa na yi yawancin kurakuran da zan ja maka kunne a kansu.

Abin da ke jan mutum ga waɗannan babura bai tsaya ga tuna baya ba. An ƙera su ne yadda mai su zai iya fahimtarsu da idonsa da hannunsa. Super Cub, wanda C70 ɗaya ne daga zuriyarsa, ya fito a 1958, kuma zuwa 2017 Honda ta ƙera miliyan 100 na irinsa. CG125 da ya zo a tsakiyar shekarun 1970 da gangan aka yi masa inji mai jure rashin kulawa, saboda kamfanin ya lura masu babura da yawa ba sa canza baƙin mai a kan lokaci. Vespa ta Italiya tun 1946 take, Triumph Bonneville ta Ingila tun 1959, CB750 mai silinda huɗu kuma 1969. Babu kwamfuta a cikin tsofaffin samfuran ko ɗaya daga cikinsu. Mai, iska, wuta da matsi: in waɗannan huɗun suka haɗu a kan lokaci, dole inji ya tashi. Gyaran tsohon babur kusan duka neman wanda ya ɓace ne a cikinsu.

Kafin ka taɓa sifana

In saye za ka yi, fara da takardu. Duba lambar da ke jikin firam da ta inji, ka gwada su da abin da ke rubuce. In an goge lamba ko an sake buga ta, bar shi komai arharsa.

Sannan ka tsaya ta baya ka hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Duba wuyan firam da mariƙin inji ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda. Tsatsar da ke saman ƙarfe ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ci ƙarfe har sukundireba ke hudawa, ita ce matsala, musamman a babura irin su Cub da Vespa waɗanda jikinsu faifan ƙarfe ne da aka lanƙwasa, kuma shi ke ɗauke da nauyin komai.

Shawarata kullum ita ce, babur cikakke da ba ya tashi ya fi wanda ke tashi amma an cire masa rabin kaya. Fistan, ringi da gasket ana samun sababbinsu. Murfin gefe, tambarin tanki, gilashin fitilar baya da agogon gudu na asali, su ne za su sa ka yi shekara kana cigiya.

Ka kuma yanke shawara tun yanzu: so kake ka mayar da shi kamar ranar da ya bar masana'anta, ko so kake ya zama lafiyayyen abin hawa da alamun shekarunsa a jiki? Ni na biyun nake so, zan kuma faɗi dalili idan mun zo kan fenti. Ko wanne ka zaɓa, nemi littafin gyara na ainihin samfurin da shekararsa. Duk wani awo da zan ambata a nan misali ne, na littafin shi ne hukunci.

Akwai abu biyu game da kayan aiki da suke ɓata wa sabon shiga aiki. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye ba irin Phillips ba ne, ma'aunin JIS ne, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a kansu. In ka sa musu sukundireba na gama-gari sai ya zame ya cinye kan. Na lalata guda uku a murfin inji kafin wani dattijon bakanike ya nuna mini bambancin. Na biyu, tsofaffin baburan Ingila irin su BSA, Norton da Triumph da yawansu suna da notuna na ma'aunin Whitworth, sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu. Sifanar da ba ta kama da kyau ba, zagaye kan noti take yi.

Ɗauki hoto kafin ka kwance komai, ka ɗauka kana cikin kwancewa. Kowane rukunin notuna a ledarsa da rubutu a jiki. Ni a tashin farko na zuba su duka a gwangwani ɗaya, na shafe makonni ina gwada wanne ne na ina. Kusoshin murfin inji tsawonsu ya bambanta, don haka zana siffar murfin a kwali, ka huda, ka soke kowace a gurbinta.

Kada ka wargaza shi tukuna

Wannan shi ne babban kuskuren da ke kashe aiki. Zumuɗi ya ɗebi mutum ya kwance babur tas a yini biyu, daga nan kaya su zauna a kwali har sha'awa ta mutu. Fara ƙoƙarin tayar da injin yana kan firam. Injin da ke aiki shi zai gaya maka ciwonsa: hayaƙi, ƙwanƙwasa, giyar da ke fita da kanta, kulocin da ke zamewa. A warwatse ba zai gaya maka komai ba.

Cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari danna kik da hannu, a hankali. In ya juya, madalla. In ya ƙi, kada ka hau shi da ƙafa da ƙarfin tsiya, za ka karya ringi ko haƙoran kik. Zuba man da ke sassauta tsatsa, ka bar shi kwana uku ko mako, sannan ka sa babur a giya ta ƙarshe ka riƙa tura shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Sau da yawa a haka fistan ke saki.

Juye tsohon baƙin mai a faranti mai tsabta ka dube shi a haske. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe da yawa, akwai abin da ke cin ɗan'uwansa a ciki. Zuba sabo, amma na babur, wanda ke ɗauke da alamar JASO MA. Yawancin waɗannan injuna kulocinsu a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi zamewa.

Tanki da kafireto

A nan za ka fi daɗewa, a nan kuma yawancin ciwon yake. Fetur in ya shekara a zaune yakan bushe ya bar wani danƙo ruwan ƙasa mai warin tsohon fenti. Ranar da na buɗe kwanon kafireton C70 ɗin nan, abin da na gani kamar busasshiyar zuma ne haɗe da koren gari, fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur yana daidaita yawansa a kwanon, ya manne a gefe ba ya motsi.

Haska tocila cikin tanki. In tsatsar ba ta yi yawa ba, zuba notuna kamar cikin tafin hannu da kananzir, ka rufe ka jijjiga sosai, ka juye, ka ƙirga notunan su cika. Sai ka cire famfon mai, ka toshe ramin, ka cika tankin da ruwan khal fari, ya yi kwana biyu ko uku. Ka wanke da ruwan da aka jiƙa sodar toya (baking soda) a ciki don ya kashe tsamin, ka busar nan take, ka ɗauraye da fetur mai ɗan baƙin mai, domin wankakken ƙarfe cikin sa'o'i yake sake tsatsa. In ka ga huda, kada ka kusantar da wutar walda da kanka. Tankin da babu mai a ciki amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari. Kai wa wanda ya san aikin.

Canza tiyon mai duka, ka sa ƙaramar filta a tsakani. Tsohuwar roba ba ta jure fetur ɗin da aka gauraya da itanol.

Kafireto kuwa, shimfiɗa farin ƙyalle ka kwance shi a kai. Kafin ka cire sukurun iska, murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta. Da haka za ka mayar da shi inda ka same shi, galibi tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu. Cire babban jet da ƙarami, wato 'yan sukurorin nan masu rami a tsakiya da fetur ke bi. Ƙaramin shi ne mugun: raminsa siriri ne ƙwarai, kuma shi ke ciyar da inji lokacin da yake tsaye yana aiki. Babur ɗin da ba ya tashi sai da cok, kuma da ka saki cok ya mutu, kusan kullum ƙaramin jet ne ya toshe. Jiƙa su a ruwan wanke kafireto, ka hura da iska, ka ɗaga ka ga haske ta ramin. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe, za ka faɗaɗa ramin ka ɓata ma'aunin har abada. In dole ne, zare silin tagulla ɗaya daga cikin wayar lantarki, shi ya fi jet laushi. Jijjiga fulot kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Duba bakin allurar fulot, in ya yi zobe to ita ce ke sa mai zuba ta ƙasa.

In jet na asali ba su lalace ba, ajiye su ka mayar. Sau da yawa na cikin kwalin kayan gyara masu arha awonsu ba daidai ba ne, ko da lambar jiki ta zo ɗaya.

Kada ka manta da filtar iska. Ta soso takan ruɓe ta zama gari, injin kuma ya zuƙe shi.

Wuta

Sa sabon fulogi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buga kik a inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi kake nema. In ja ce mai rauni ko babu, koma kan kontak. Buɗe murfin magnito za ka ga wasu 'yan baki biyu da ke buɗewa suna rufewa. Zama yakan sa su yi datti. Goge su da samfefa mai laushi, ka ja farar takarda tsakaninsu har ta fito fes. A ƙananan Honda tazararsu in sun buɗe iyaka milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. A jikin magnito akwai alamar F, daidai lokacin da ta zo kan layi ya kamata kontak ya fara buɗewa. In kana ganin tartsatsi mai yawa a bakin kontak yana ƙonewa da wuri, kondensa, wato 'yar na'urar da ke rage wa kontak tartsatsi, ita ce ta gaji.

Duba ko babur ɗin mai bolt 6 ne ko 12 kafin ka sayi batir da ƙwan fitila, domin tsofaffi da yawa 6 ne. A baburan Ingila na da kuma, sau da yawa wayar fositif ce ke haɗe da firam, akasin abin da aka saba. In ka juya batir za ka ƙona rektifaya, wato na'urar da ke gyara wutar da ke cajin batir. Sauran matsalolin lantarki, fitila mai lumshewa, hon mai shaƙewa, mafi yawansu datti ne a mahaɗar wayoyi da inda waya ke kama firam. Goge su har ƙarfe ya yi haske kafin ka zargi wani abu mai tsada.

Yanzu buɗe mai, ja cok, buga. Yi wannan a fili, ba a rufaffen ɗaki ba. Zai yi hayaƙi na 'yan mintuna saboda man da ka zuba a silinda, wannan ba komai. Nawa sai a bugu na goma sha wani abu ya yi tari sau biyu ya kama. Na tsaya riƙe da totur ban iya cewa komai ba, domin ƙarar nan ce dai, ba ta canza ba.

Sauraron inji

Bar shi ya yi ɗumi ka saurara. Ƙaramin "tik-tik" daga sama bawul ne ke neman saiti. Ana yin saitin inji na sanyi, fistan na can ƙoli a bugun matsi, alamar T ta jikin magnito a kan layi. A C70 da C90 tazarar milimita 0.05 ce. Gara ta ɗan yi sako-sako da ta matse, domin matsattsen bawul ƙonewa yake yi. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuwa maganar boris ce ko sandar fistan, dole a buɗe.

Auna matsi da geji, totur a buɗe gaba ɗaya. Ƙaramin inji mai lafiya yakan wuce 120 a ma'aunin psi, in ya gaza 100 akwai aiki. Zuba ɗan mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In lamba ta hau, ringi ko silinda ne suka cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Shuɗin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ne ke ƙonewa.

In mai shan gauraye ne, wato inji mai bugu biyu irin Suzuki A100, Yamaha RX100 ko Vespa, hayaƙi ɗabi'arsa ce. Abin tsoro a nan robobin da ke rufe gefen karanshaf. In sun bushe iska na shiga ta nan, inji ya riƙa tashi sama da kansa, ya yi zafi, fistan ya kama. Babur ɗin da ya yi shekaru a ajiye, canza su kawai. In yana da famfon da ke ba da baƙin mai da kansa, fitar da iskar cikinsa, ka kuma gauraya ɗan mai a fetur ɗin tankin farko har ka tabbatar famfon na aiki.

Idan buɗewa ta kama, kada ka buɗe fiye da inda ciwon yake. Sa sababbin gasket, ka ɗaure kan silinda a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi. Zaren alminiyom ba ya yafe hannu mai nauyi. A ƙananan Honda akwai 'yar rariyar mai da wata matattara mai juyawa da ke tara dauɗa, mutane da yawa ba su ma san da su ba. Wanke su.

Abin da ke riƙe da ranka

A nan ba na yarda da tsumulmula. Taya ko zanenta bai goge ba, in ta tsufa ta ƙandare. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In uku ne kacal, kafin 2000 aka yi ta. Canza taya, tub da robar da ke rufe kan wayoyin rim. Bi wayoyin ƙafa ɗaya-ɗaya kana bugawa da sifana, mai lafiya ƙara take yi tar, sakakkiya kuma dum.

Takalman birki na da, fatarsu na iya ɓallewa daga ƙarfen ta cije ƙafa ana cikin tafiya, don haka sa sababbi. Kada ka hure ƙurar cikin ganga da baki ko da iska, tsofaffin fatun birki da yawa akwai asbestos a cikinsu, mai illa ga huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. In birkin faifai ne, canza ruwan birki da tiyo da robobi, ka kiyaye kada ruwan ya ɗiga a fenti domin cinye shi yake yi.

Ɗaga ƙafar gaba ka juya kai dama da hagu. In yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. Sa tire a ƙasa kafin ka kwance, ƙwallayen a sake suke, zubewa za su yi. Canza kebul na birki, kuloci da totur in ko sili ɗaya ya tsinke. Sarƙa da haƙoranta na gaba da baya tare ake canza su, a bar mata lilo kamar santimita 2 zuwa 3.

Fenti

Sai yanzu. Wanda ya fara da fenti zai ƙare da babur mai kyan ɗan maciji, kuma sifana za ta kankare sabon fentin kafin aiki ya ƙare.

Kafin ka kankare komai, wanke shi ka goge da man goge fenti. Za ka yi mamakin launin da ke ɓoye ƙarƙashin dauɗar shekara talatin. Ƙarfe mai walƙiya da ya yi ɗigon tsatsa, dunƙula takardar alminiyom ka jiƙa da ruwa ka goga, yawanci yana tashi. Fentin masana'anta sau ɗaya ake samunsa, in ka cire shi ya tafi ke nan. A C70 ɗin nan akwai wurin da takalmin mahaifina ya goge har ƙarfe ya fito, kusa da matakin giya. Na shafa masa abin hana tsatsa na bar shi yadda yake. Duk sanda na sa ƙafa, a daidai wurin take sauka.

In tsatsa ta ci fentin har babu abin ceto, to a yi shi da kyau: a kankare har ƙarfe, a sa fentin share fage, a bi da launi siriri-siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Na tanki dole ya zama mai jure fetur. Nemi ainihin launin a wurin da rana ba ta taɓa ba, kamar ƙarƙashin tanki ko cikin murfin gefe. Kada fenti ya rufe lambar firam ko inda wayar lantarki ke kama ƙarfe.

Hawan farko

Bi kowane noti da sifana, musamman na ƙafafu, birki da mariƙin inji. Gwada birki kana tura babur da ƙafa kafin ka tayar. In ɗan Ingila ne na kafin tsakiyar shekarun 1970, ka tuna giya na iya kasancewa a ƙafar dama, birki a hagu, ka saba da wannan a fili kafin ka shiga cikin motoci. Sa hular kwano. Birkin ganga ba ya tsayawa kamar na zamani, ba shi tazara.

Fara da kilomita biyu ko uku, ka dawo ka duba yoyo, ka taɓa gangar birki ko ta yi zafi. In ka sa sabon fistan ko ringi, kilomita 500 na farko kada ka murɗe totur, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya, sannan ka canza mai ka sake saitin bawul. Cire fulogi ka ga launinsa: ruwan ƙasa mai haske daidai ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuma mai ya yi kaɗan, wannan ne ke ƙona fistan, gyara shi kafin ka sake fita.

Daga nan ka riƙa hawansa ko sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta isa inji ya yi zafi sosai. In kuma zai zauna fiye da wata, rufe famfon mai ka bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireto har ya mutu da kansa, cire wayar batir, ka ɗora shi kan tsayuwar tsakiya, ka lulluɓe shi da ƙyallen da iska ke ratsawa, ba leda ba.